Damin da Hajiya Ta Ƙi Ɗauka

Litinin, da hantsi

Wasiƙar kamfanin mujallu ta iso. Ni na fara buɗe ta, tunda sashen mujallu a hannuna yake, na kai wa Hajiya, shugabar laburarenmu. Ta karanta a tsaye, tabarau a ƙarshen hanci, ta miƙo mini ta ce, "Sun ƙara kuma."

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in ga ko ni kaina na gane shi. Da can laburaren jami'a kan zaɓi mujallun binciken da malamai ke so, ya biya kowacce daban, a kawo ta a takarda mu jera a kanta. Yanzu kamfanin ya tattara mujallunsa sama da dubu biyu ya ɗaure su dami guda a intanet. Ba ya kwance dami. Ko ka ɗauka gaba ɗaya ko ka bari. Muna biyan ta likitocin dawakin tsere, muna biyan ta masu ƙera jirgin ƙarƙashin ruwa, mu da ba ma koyar da ko ɗaya. Waɗanda malamanmu ke buɗewa da gaske ba su wuce tamanin ba.

Kuma damin ya cinye komai. Rabonmu da sayen sabon littafi tun ina da cikin Auta, ga Auta nan har ta iya rubuta sunanta.

Hajiya ta ce, "Ba zan sa hannu ba." Yadda ta faɗa, kamar mai cewa ba ta shan shayi yau. Na yi dariya, na zaci wasa take.

Talata, bayan tashi daga aiki

Ba wasa take ba. Ta sa ni da Injiniya, mai kula da kwamfutocinmu, mu fito mata da yawan buɗewar da aka yi wa kowace mujalla. Mun kai mata, ta duba ta ce, "Ba laifi." A bakin Hajiya wannan babban yabo ne.

Ɗalibai Uwar Shiru suke ce mata a bayan idonta. Ba ta tsawa, ba ta buga tebur. Tsayawa kawai take a bakin ɗakin karatu, gajeriyar mace da takalmi maras tsini, sai ka ji surutu na mutuwa layi-layi har ƙarshen ɗaki. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa sai ta zaga benaye da ƙafa. Yau na bi ta. A kantar koyon aikin jinya ta zaro wani littafi da aka manne da salatif har ya yi ƙiba. Ta ce, "Kwafi ɗaya, aji guda cur. Kuma rabin abin da ke ciki an daina yi a asibiti." Ta mayar da shi a hankali.

"Malamai suna da baki," in ji ta. "'Yan aji ɗaya ba su da shi. Shi ya sa su ne ba a saya wa littafi."

Alhamis, da azahar

Wakilin kamfanin ya zo. Mu Mai Turare muke ce masa, don idan ya fita sai an buɗe taga. Mutum ne mai fara'a, ba na ƙin sa. Hajiya ta ce in zauna in ji.

Ya ce, "Hajiya, ai wannan rahusa ce. In kika raba kuɗin da yawan mujallun, kowace ɗaya ba ta kai kwalbar lemo ba."

Ta ce, "Na yarda. Amma ni lemo kaɗan nake sha, kai kuma shagon kake sayar mini. Nawa ne tamanin ɗin da muke karantawa, su kaɗai?"

Ya danna waya ya juyo mata. Tamanin ɗin daban sun fi damin tsada. Ta gyaɗa kai, ta san haka tun kafin ta tambaya.

"To waɗanda muka yi shekaru muna biya, idan muka daina, suna nan namu?"

Ya gyara wuyan riga. "Ai dama izinin karantawa kuka saya, Hajiya, ba mujallun ba."

"Wato haya muke."

"Ba za mu kira shi haka ba."

"Ni zan kira."

Ta faɗa masa abin da take so: mu zaɓi namu, farashin ya daina tsalle, kuma abin da muka biya ya zama namu har abada. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Da zai tafi sai ya ce kamfani na shirya taro a ƙasar waje, akwai kujera biyu. Ya dube ni. Ni ban taɓa hawa jirgi ba, kuma ba zan ce zuciyata ba ta motsa ba. Hajiya ta ce, "Gwiwata ba ta son sanyi, ita kuma tana da yara." Ta raka shi har bakin bene, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa.

Alhamis, da yamma

Na gaya wa Abban yara. Yana kan teburin cin abinci da ya zama ofishinsa, takardu har kan kujerun yara. Malami ne a sashen kimiyyar sinadarai, kuma a ƙarshen zangon nan zai miƙa kundin digirinsa na uku, wanda ƙarin girmansa ke jira tun kafin mu canza gida. Kusan duk abin da yake karantawa a cikin damin nan yake.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ciniki take. Za ta sa hannu."

Na ce ban ga alama ba.

Ya ce, "Za ta sa." Ya ce in miƙo masa ruwa.

Gida lafiya.

Juma'a, da safe

Hajiya ta rubuta wa shugaban jami'a da shugabannin tsangayoyi cewa ba za ta sabunta damin ba. Ba wanda ya amsa.

Laraba, da hantsi

An yanke mana damin. Wa'adin ya cika jiya, yau kowace mujalla ka danna sai hoton ɗan kwaɗon kulle ƙofa ya fito a gefenta. Injiniya ya leƙo ofis ya ce, "Hajiya, kwaɗi sun cika mana kwamfuta, ga shi ko hadari ba a yi ba." Ita kaɗai ta yi murmushi.

Wayar teburina ba ta huta ba. Wasu da ban taɓa ganin ƙafarsu a laburare ba, yau na ji muryarsu. Ɗaya ya tambaye ni wai a wane gini muke.

Shugaban tsangayar kimiyya ya zo da kansa, babbar rigarsa na jan ƙasa. Bai jira ofis ba, tun daga ɗakin karatu ya fara: wa ya ba ta izini, ta san abin da ta yi kuwa, ta mayar da jami'a ƙauye. Ɗalibai duk sun ɗago. Hajiya ta fito, ta tsaya gabansa, kanta bai kai kafaɗarsa ba. Ta ce, "Farfesa, ana karatu."

Ya rage murya. Ban san ko ya san ya rage ba. Ya ƙarasa faɗansa a raɗa, ita kuma ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce wasiƙarta na kan teburinsa tun makon jiya.

Abban yara bai ci abincin yamma ba. Ya ce ya ci a waje.

Gida lafiya.

Alhamis, da la'asar

Yau ban ji daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Wata matashiyar likita ta zo daga asibitin koyarwa, rigar aikinta a jiki. Tana da yarinya a kwance da wata cuta da ba a cika gani ba, kuma akwai maƙalar da ta bayyana yadda ake auna maganin ga ƙananan yara. Shekaranjiya ta ga kanun, yau ta zo buɗewa ta tarar da kwaɗo. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Anti, ni ba ruwana da rigimarku, takardar nake so."

Hajiya ta ciro katinta na banki daga jaka ta ba Injiniya, ya sayi maƙalar nan take. Likitar ta karɓa ta fita da sauri, ko godiya ba ta tsaya yi ba, kuma daidai ne.

Bayan ta fita Hajiya ta mayar da katinta jaka. Sannan ta ce, "Wannan ban hango shi ba. Ya kamata in hango." Kafin a tashi ta kira shugaban asibitin, suka tsara yadda likitoci za su riƙa samun abin gaggawa kai tsaye, ba sai sun tako ba.

Ni dai na tafi gida ina tunanin yarinyar da ban sani ba.

Litinin, da yamma

An yi taron malamai a babban zaure. An sa Hajiya a kujera ita kaɗai a gefen dandamali, mu ma'aikatanta muna can baya kusa da ƙofa.

Na farko ya yi magana, na biyu ya yi. Wanda ya miƙe na uku, na san rigar. Ni na goge ta da safe.

Ba zan rubuta abin da ya faɗa ba. Ya iya magana, dama ya iya. An tafa masa sosai a wurin da ya ce a nemo wanda ya san zamanin da ake ciki. Injiniya ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa, don kada mu haɗa ido. Na gode masa.

Da aka ba Hajiya dama ba ta hau dandamali ba, a ƙasa ta tsaya. Ba ta riƙe takarda ba. Ta ce kowa a zauren nan ya rubuta maƙala ya ba mujallun nan kyauta, ya duba ta wasu kyauta, sannan jami'a ta sayi izinin karanta aikinsa da kuɗin littattafan ɗalibansa. Ta ce in aka sa hannu bana, nan da sabuntawa ta gaba ko fitilun ɗakin karatu sai an zaɓi waɗanda za a kunna. Ta ce, "Ban ce ba ku da gaskiya ba. Na ce duk wanda ke neman maƙala ya zo ya same ni, zan nemo masa. Ku gwada ni kafin ku kore ni."

Ba a tafa ba. Wani tsohon farfesan tarihi ne kawai ya ce "Haka ne" da ƙarfi, sai aka yi dariya.

Na dawo gida a motar haya.

Talata, da safe

Na goge kayan yara. Nasa suna nan a kwando.

Laraba, da azahar

Hajiya ta sa an fito da tebur bakin ƙofar shiga, ta zauna a kai da kanta. Shugabar laburare guda, a wurin da masu gadi ke duba jaka. Duk wanda ya zo da sunan maƙala sai ta karɓa ta miƙo mana.

Hanya huɗu muke bi. Wata tana nan kyauta a ma'ajiyar jami'ar marubucin, sai an tona. Wata mu roƙi wani laburare. Wata mu rubuta wa marubucin kai tsaye, kuma abin mamaki yawancinsu murna suke, ɗaya har da tambayar ko muna son sauran ayyukansa. Wadda ta gagara mu saya ita kaɗai. Tsofaffin kuwa suna ɗakin ƙasa, a takarda. Shekarun baya an umarci Hajiya ta zubar da su don a sami fili, ta ce to, ta sa aka sauke su ƙasa ta kulle. Yau na shiga da tocila na fito da ƙura har gira.

Ba ya kai da sauƙin da. Da dannawa ɗaya ne, yanzu sai mutum ya jira wuni, wani lokaci kwana biyu. Wasu suna karɓa suna tsaki. Hajiya na ce musu, "A yi haƙuri, Malam," kamar ita ta ɓata musu, wanda kuma ita ce.

Kowa ya zo teburin nan daga sashen sinadarai, ban da mutum ɗaya.

Juma'a, da hantsi

Na shiga kai mata takardu na tarar tana waya, takalmi a cire, tana dariyar da ban san tana da ita ba. Da shugabar wani laburare take magana, wadda suka yi makaranta tare. "Ke dai ki riƙe alƙalaminki a jaka," take cewa. "Wata ɗaya kawai. In muka yi yawa, shi zai neme mu."

Ashe tun kafin a yanke take kiransu ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce suna tsoro. Wasu sun ce za su gani. Na tambaye ta nawa suka yarda, ta ce, "Ba su isa ba tukuna." Ta mayar da takalminta.

Talata, da la'asar

Hajiya ta ɓace daga teburin ƙofa wajen awa guda. Da ta dawo sai ta ajiye mini wata 'yar takarda. Rubutun hannun na san shi fiye da nawa. Sunayen maƙaloli ne.

Na ce, "Ya zo?"

Ta ce, "Ni na je. Ɗakin gwajinsu wari yake kamar an ƙona roba, ban san yadda kike barin sa ya shigo miki gida ba."

Na ninke takardar. Ta ce, "Ki ba Injiniya ya nema, ba ke ba. Kuma ki saki fuskarki, 'yata. Mijinki yana da kundi a wuya da yara a gida. Da ni ce a wurinsa, da na faɗi abin da ya fi haka."

Na ce ai bai kamata a gaban mutane ba.

Ta ce, "Gara a gaban mutane. Waɗanda ba su miƙe ba su nake tunani."

Ban gane ba, ba ta kuma ƙara ba.

Da yamma na ga maƙalolin a kan teburin cin abinci, ya ja layi a ƙarƙashin wasu wurare. Auta ta tambaya me ya sa yanzu ba a hira a gidan nan, yayarta ta taka mata ƙafa.

Alhamis, da azahar

An kafa kwamitin binciken lamarin. An kira Hajiya ofishin shugaban jami'a tun safe, ba ta fito ba sai da rana ta ɗaga. Ban san abin da aka faɗa a ciki ba. Ana ta maganganu a kan wanda ya matsa a sa hannu da dalilinsa, ni ban gani da idona ba, don haka ba zan rubuta ba.

Da ta dawo ba ta shiga ofis ba. Ta wuce wurin ma'aji da wata takardar odar littattafai, ta zauna a kujerar baƙi ta ce ba ta da sauri. Sakatariyarsa ta gaya mini har ya fita ta ƙofar baya ya dawo ya same ta a wurin. Ya sa hannu.

Juma'a, da yamma

An ba Hajiya hutu, wai. Har sai kwamiti ya gama aiki.

Ta kwashe kayanta a jaka ɗaya: kofin shayi, darduma, hoton jikokinta. Ta ba mataimakinta makullai, mutum mai sanyi da ba ya son rigima, ta nuna masa wanda ke da wuyar juyawa. Ta bi kowa ta yi masa sallama har masu shara. A bakin ƙofa ta taɓa teburin ta ce mini, "Kada a ɗauke wannan."

Ɗalibai sun ji. Da ta ratsa ɗakin karatu za ta fita, sai suka miƙe tsaye. Ta dube su ta ce, "Ku zauna, jarabawa ta kusa."

Na shiga banɗaki na daɗe.

Litinin, da safe

Ni ce a teburin ƙofa.

Laraba, da hantsi

Kwalaye sun iso. Mota guda. Na yanke salatif ɗin na farko, ƙamshin sabuwar takarda ya buge ni, na tsaya kamar wadda ta ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Littattafan jinya, na lissafi, na shari'a, na noma. Akwai ƙananan mujallun harshe da tarihi na takarda da muka daina karɓa tun da damin ya fara cin rabonsu.

Tsohon farfesan tarihi ya zo, ban san wa ya gaya masa ba. Ya ɗauki ɗaya yana juyawa ya ce, "Na zaci sun mutu." Na ce suna nan, mu ne muka daina gaishe su.

Wata 'yar aji ɗaya ta tambaya ko na sayarwa ne. Na ce na aro ne. Ta ce, "Sabo fil?" Ta goge hannunta a jikin siket kafin ta karɓa.

Na ɗauki hoto na aika wa Hajiya. Ta amsa: "A buga hatimi kafin a jera."

Litinin, da la'asar

Mai Turare ya dawo, kuma wannan karon shi ya nemi a gan shi. Laburare da yawa sun riƙe alƙalaminsu. Ya zo da sabuwar takarda: ƙaramin dami da za mu zaɓa da kanmu, ƙarin farashi mai iyaka, kuma abin da aka biya ya zauna namu. Ba duk abin da ta nema ba ne, amma ƙashin bayan yana nan.

Mataimaki ya sa hannu a ofishin shugaban jami'a, aka ɗauki hoto. Sanarwar da aka liƙa ta yaba wa hangen nesan hukumar jami'a. Na karanta har ƙasa ina neman sunan Hajiya, ban same shi ba.

Da zai fita Mai Turare ya tsaya a teburina ya ce, "Ina Hajiya?" Na ce tana hutu. Ya ce, "A duk wuraren da nake zuwa, ita kaɗai ke karanta takardar har shafin ƙarshe. Ki gaishe ta."

Asabar, da yamma

Da safe ina shirin fita Abban yara ya ce, "Gidan Hajiya za ki?" Na ce eh. Ya ɗauki makullin mota. Wannan ce magana mafi tsawo da muka yi a makonnin nan.

Mun same ta a tsakar gida da zani da tsohuwar riga, tana canza wa shukokinta tukwane, hannu duk ƙasa. Ban taɓa ganin ta babu tabarau ba sai yau. Ta ce, "Yau manyan baƙi," ta sa aka kawo kujeru.

Na ba ta labarin yarjejeniyar. Ta tambayi abu ɗaya kawai, ko sharaɗin mallakar tsofaffin yana ciki a rubuce. Na ce yana ciki, na karanta da idona. Ta ce alhamdu lillahi. Na ce yanzu sai ta dawo. Ta girgiza kai. Ta ce ta riga ta miƙa takardar ritaya, kwamiti ya huta, ita ma ta huta. Na fara magana ta ɗaga hannu. "Ba korata aka yi ba, 'yata. Na ga ƙofa a buɗe na fita da ƙafata."

Abban yara tun da muka zauna hularsa yake juyawa a gwiwa. Can ya ce, "Hajiya, ranar nan a zaure..."

Ta ce, "Ka yi magana da kyau. Rabin abin da ka faɗa gaskiya ne."

Ya ɗago. "Wane rabin?"

"Cewa ban tambaye ku ba. Wasiƙa na rubuta, alhali na san ba kwa karanta wasiƙa. Da na tako sashe-sashe tun farko, da wata likita ba ta zo mini a guje tana neman takarda ba."

"Ɗaya rabin fa?"

"Wannan da aiki za ka biya. Za a kafa masu zaɓen mujallun da za su shiga sabon damin, kuma kowa a tsangayarku zai gudu. Kai ka je. Ka zauna ka ga yadda ake ce wa mutum a'a alhali ka san yana da gaskiya." Ta koma kan tukunyarta. "Babi nawa ya rage?"

Ya ce ɗaya.

"To me kake yi a gidana?"

Ya yi dariya, ta farko da na ji tun da aka yanke. Ta ba mu wata 'yar shuka a gwangwani ta ce a kai wa Auta.

A hanya gwangwanin na kan cinyata. Mun kusa kwanar gida sai ya sauka gefen titi ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya. Na zaci motar ce ta sami matsala. Ya ce, "Zancen damin nan, ni har yau ban san yadda yake ba. Ke kika sani. Faro mini daga farko."

Na ce zai ɗauki lokaci, kuma yara na jira.

Ya kashe motar.